Ƙahon Wanzami da Taswirar Sinawa: Nazarin Guraben Jinya a Jikin Ɗan Adam daga Toranke

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan kofunan roba na hijama, waɗanda akasarinsu daga ƙasar Sin ake shigo da su, sun cika cibiyoyin maganin Musulunci na birnin Kano, har sun fara gangarawa garuruwan gabas. Sau da yawa kwalinsu na zuwa da 'yar takarda mai zanen jikin mutum, an ja masa layuka daga kai zuwa ƙafa, an yi ɗigo-ɗigo a kan layukan. Daga wannan zane ne wata magana ta samo asali, wai ƙahon da wanzamai suka gada shi ne ainihin ilmin Sinawa, sai dai wanzami bai san sunan layukan ba.

Manufar wannan takarda ita ce auna wannan magana. Za a duba wuraren da wanzami ke kafa ƙaho a Toranke da kewayenta, a jera su da guraben da likitancin gargajiya na Sin ya tsara. Matsayin takardar shi ne kamannin da ake gani gaskiya ne, amma tushensa jikin ɗan Adam ne da hannun da ke lalube shi. Bai zama hujjar samuwar layukan ba, kuma ɗora wa wanzami taswirar da ba tasa ba zai rufe ilminsa tun kafin a rubuta shi.

2.0 Waiwayen Ayyukan Magabata

Wall (1988), wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi, ya bayyana yadda Bahaushe ke fahimtar lafiya da cuta, da yadda aikin magani ya rabu tsakanin boka da malami da wanzami da maɗori da ungozoma. Last (1981), daga wannan yankin dai, ya kawo hujjar da ta fi shafar wannan nazari: maganin gargajiyar Hausa bai tsaya a kan tsararriyar aƙida guda ba, kuma sau da yawa mai magani da majinyaci ba su damu da sanin dalilin da ya sa abu ke aiki ba. Abdalla (1997) ya bi sawun ɗibbun Musulunci a rubuce-rubucen malaman Daular Sakkwato, ciki har da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Etkin da Ross (1982) sun yi aiki a karkarar kudu maso gabashin Kano, sai dai hankalinsu na kan tsirrai da abinci. Sallau (2010) ya taskace sana'ar wanzanci kanta, da kayan aikinta da matsayinta a rayuwar Hausawa.

A ɓangaren Sin, Lu da Needham (1980) sun rubuta tarihin sukar allura da ƙona ganye a kan fata. Epler (1980) ya nuna cewa fitar da jini ya riga allura, kuma daga gare shi ne wani sashe na ilmin gurabe ya tsiro. Unschuld (1985) ya danganta tsarin magudanai da yanayin daular da ta haɗe kan ƙasar, mai hanyoyin ruwa da rumbuna da jigilar kaya, yayin da Kuriyama (1999) ya kwatanta yadda Girkawa da Sinawa suka dubi jiki ɗaya kowa ya ga abu daban.

Wannan takarda ta yarda da Last cewa wanzami ba shi da rubutacciyar aƙida. Amma rashin aƙida ba rashin tsari ba ne, domin wanzami ba ya kafa ƙaho ko'ina ya ga dama.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance, an haɗa nazarin rubuce-rubuce da kallon aikin ƙaho yadda ake yin sa a Toranke. Toranke mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ajingi, cikin masarautar Gaya, ƙasar manoman gero da dawa da gyaɗa da wake, inda ciwon baya da na ƙugu ke biyo bayan noma da huɗa da ɗaukar dami. An auna ɓangarorin biyu da ma'auni uku: wurin da ake taɓawa, dalilin da ake bayarwa, da kayan aiki. Ba a auna warkewa ba, don wannan aikin gwajin asibiti ne, kuma an dogara ga abin da aka riga aka buga a kansa.

A cikin takardar, "magudana" na nufin layin da Sinawa ke kira jing ko mai, "kuzari" na tsaye a madadin qi, "gurbi" kuwa shi ne ɗigon da ake soka wa allura ko a danna ko a kafa wa kofi. An ƙara raba gurabe biyu: "gurbin kusa", wanda ke kan wurin ciwo, da "gurbin nesa", wanda ke wata gaɓa daban.

4.0 Yadda Taswirar Sinawa ta Ginu

Taswirar da ke cikin kwalin kofuna ba ta sauko a kammale ba. A 1973 aka tono wasu rubuce-rubuce a kan siliki daga wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin Miladiyya. Magudanai 11 suka lissafa, jinyar da suka ambata kuwa ƙona abu ce a kan fata, babu allura. Littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa a zamanin daular Han, shi ya tsayar da manyan magudanai 12, ya ƙulla kowace da wata gaɓar ciki kamar huhu ko hanta ko ƙoda, ya kuma ce jini da kuzari na kewaya cikinsu ba tsayawa. A ƙarni na 3 Huangfu Mi ya jera gurabe 349. A 1027 Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai hujojin gurabe domin koyar da ɗalibai. Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita a kansa shi ne 361, bisa magudanai 14, wato 12 ɗin nan da biyu masu bin tsakiyar gaba da tsakiyar baya, kuma sai a 2008 ofishinta na yammacin tekun Fasifik ya fitar da matsaya guda kan ainihin mazauninsu, saboda Sin da Japan da Koriya sun saɓa a kan da yawa daga ciki.

Ko a ƙasar Sin ma ilmin ya sha hawa da sauka. A 1822 fadar daular Qing ta cire sukar allura daga makarantar likitocin sarki. Siffar da duniya ta fi sani a yau, ta layukan da wani ƙarfi marar ganuwa ke bi, ta yaɗu ne a Turai ta hannun George Soulié de Morant, jami'in jakadancin Faransa da ya zauna a Sin, wanda babban littafinsa ya fara fitowa a 1939. Tsofaffin nassoshin sun fi kusa da jini da bugun jijiya fiye da yadda wannan siffa ke nunawa.

Akwai wani abu da ya kamata Bahaushe ya lura da shi. Sinawan dauri da ƙahon dabba suke zuƙar fata, har aikin ya ɗauki sunan "dabarar ƙaho", kuma an ambace shi a rubutun Mawangdui da na Ge Hong a ƙarni na 4. Kofin gora da na gilashi da na roba duk daga baya suka zo.

5.0 Ƙaho a Hannun Wanzami

Mai neman ƙaho yakan zo da safe, kafin rana ta yi zafi, ya zauna a kan tabarma ko turmi ya tuɓe riga. Abin da yake faɗa kaɗan ne: jiki ya yi nauyi, baya ya riƙe, ƙugu ya ƙage, ko kai na sarawa ta ƙeya. Wanzami ba ya buɗe zabira nan take. Sai ya sa babban yatsa ya bi gefen ƙashin baya yana dannawa, daga doron wuya zuwa allon kafaɗa zuwa kwankwaso, yana kallon inda mutum zai zabura ko ya ce nan ne. Wurin da tsoka ta ɗaure kamar ƙulli, nan yake tsayawa.

Daga nan ya wanke wurin, ya aske in da gashi, ya kifa faffaɗan bakin ƙahon a kan fata, ya zuƙe iska ta ɗan hujin da ke tsininsa, sannan ya toshe hujin da 'yar jijiya da ya tauna ta yi laushi, yana tura ta da harshe. Wannan kafawar farko ba jini a cikinta. Idan fata ta tasa ta yi tudu, sai ya cire, ya yi tsaga ƙanana a jere da bakin aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Bayan ɗan lokaci ya ɓalle shi ya juye abin da ya taru, ya nuna wa mai jiki. Jinin da ya fito baƙi-baƙi, ya yi guda-guda, shi ake kira mataccen jini, kuma ganin sa na daga cikin jinyar. Likitancin zamani na bayyana wannan kama da cewa jinin ƙananan jijiyoyi ne da ya daskare a cikin ƙahon, amma abin da ya shafi wannan nazari shi ne dalilin da wanzami ke riƙe da shi: jini ya kwanta a wani wuri ya lalace, ko sanyi ya shiga ya zauna, maganin kuwa a fitar.

Wuraren da aka fi kafawa sanannu ne: ƙeya, doron wuya, tsakanin kafaɗu, gefe biyu na gadon baya, kwankwaso, gwiwa, da ƙwauri. Akwai kuma inda ake gudu, kamar kan jijiyar da ke harbawa da kan ƙashi tsirara inda ƙaho ba ya kamawa. Ƙaho na da 'yan'uwa a cikin sana'ar: balli-balli da ake yi a kan kumburi a shafa magani, sakiya da ake huda ƙurji da ƙarfe mai zafi, da lalas. Askar da ƙarfen sakiya duk daga maƙera suke fitowa.

A tunanin Bahaushe jijiya aba ce da ake iya taɓawa. Ita ce hanyar jini, ita ce igiyar da ke ɗaure gaɓa, ita ce kuma ke harɗewa ko ta hau wata har a nemi mai tausa ko maɗori ya mayar da ita. Babu wata jijiya a wannan tunani da ke tashi daga ido ta ƙare a ƙaramin yatsan ƙafa ɗauke da sunan mafitsara, kamar yadda magudanar mafitsara take a taswirar Sinawa.

6.0 Mahaɗa da Marabar Tsare-tsaren Biyu

6.1 Gurbin kusa

Sun Simiao, likitan daular Tang a ƙarni na 7, ya bayyana wasu gurabe da ba su da mazauni a taswira, ana gano su ne idan an danna majinyaci ya amsa. Sunansu ashi. Wannan shi ne ainihin abin da babban yatsan wanzami ke yi. Melzack da abokan aikinsa (1977) sun ba da rahoton cewa kashi 71 cikin 100 na guraben allura da ake amfani da su don ciwo sun dace da ƙullin tsoka da likitocin Turai suka sani, ko da yake Birch (2003) ya soki yadda aka yi lissafin. Ko an karɓi adadin ko an rage shi, bayanin a fili yake: wanda ya yini a duƙe da fartanya a Toranke da wanda ya yini a duƙe a fadamar shinkafa a Hunan tsoka ɗaya ce ke ɗaure musu. Magudanar mafitsara, mai gurabe 67, na bin gefe biyu na ƙashin baya, daidai inda wanzami ke jera ƙahoni. Da gurabe 361 a shimfiɗe a jikin mutum, da wuya a kafa ƙaho mai faɗin baki a baya bai hau ko kusanci ɗaya daga ciki ba. Dacewa irin wannan ba ta tabbatar da komai game da magudana.

6.2 Doron wuya

Gurbin da ya fi jan hankali shi ne na ƙasan ƙashin wuya na bakwai, wanda ke turowa idan an sunkuyar da kai. Sinawa na kiransa Dazhui, suna ɗaukarsa mahaɗar wasu magudanai, suna kafa masa kofi don zazzaɓi da sanƙarar wuya. Wanzami ma na girmama wannan wuri, amma sanadinsa ta wata hanya ya zo. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa an yi wa Annabi (SAW) hijama a kahil, wato doron da ke tsakanin kafaɗu, da kuma jijiyoyi biyu na gefen wuya, kuma ruwayar Tirmizi ta ambaci ranakun 17 da 19 da 21 ga wata. Buhari ya kawo cewa an yi masa a tsakiyar kai saboda ciwon ɓarin kai. Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya jera wuraren hijama a littafinsa At-Tasrif, ya ambaci kofin ƙaho da na katako da na tagulla da na gilashi. Saboda haka a bayan mutumin Toranke ilmi biyu ne suka haɗu, na gado da na ɗibbun Musulunci da ya shigo ta hannun malamai. Mai neman asalin darajar doron wuya a ƙasar Hausa, wannan silsila ce a gabansa, kuma tana da nassi da tarihi.

6.3 Gurbin nesa

A nan ne hanya ta rabu. Likitan Sin na danna Hegu, tsakanin babban yatsa da manuni, don ciwon haƙori da na kai. Yana amfani da Neiguan, sama kaɗan da wuyan hannu ta ciki, don tashin zuciya. Yana fitar da jini a Weizhong, bayan gwiwa, don ciwon ƙugu, yana kuma ƙona ganyen moksa, dangin tazargade, kusa da ƙaramin yatsan ƙafa don juya ɗan da ya zo ta ƙafa. Ba a fahimtar ko ɗaya daga waɗannan sai an yarda akwai layin da ya haɗa wuraren. Aikin wanzami kusan dukkansa na kusa ne: inda ciwo yake nan ƙaho ke sauka, in ban da doron wuya da ake kafawa don nauyin jiki gaba ɗaya. Wanda ya ce tsarin biyu ɗaya ne ya tsallake wannan bambanci, alhali shi ne ƙashin bayan aƙidar Sinawa.

Akwai kuma bambancin awo. Sinawa na auna gurbi da cun, awon da ake ɗauka daga jikin majinyacin kansa, misali faɗin babban yatsansa, don haka gurbin dogo da na gajere duk suna faɗawa daidai. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ana iya aronta wajen rubuta guraben wanzamai ba tare da an ari aƙidar da ke tare da ita ba.

7.0 Abin da Gwaji ya Nuna

Binciken sassan jiki bai gano wata hanya ta daban da ta dace da magudanai ba. Da'awar Kim Bong-han na Koriya ta Arewa a farkon shekarun 1960, cewa ya ga wasu siraran bututu, ba ta samu karɓuwa a ilmin sassan jiki ba. Langevin da Yandow (2002) sun sami dacewar kashi 80 cikin 100 tsakanin guraben hannu da shimfiɗun tantanin da ke raba tsoka da tsoka, wanda ke nuna cewa yatsa na faɗawa ne inda jiki ke da kwari.

Gwajin da ya fi amfani ga wannan muhawara shi ne na Jamus da Haake da abokan aikinsa suka buga a 2007, kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Bayan wata shida, kashi 47.6 na waɗanda aka soka wa allura a guraben taswira sun sami sauƙi, kashi 44.2 na waɗanda aka soka wa sama-sama a wuraren da ba gurabe ba su ma sun samu, waɗanda aka bi da su ta jinyar da aka saba kuwa kashi 27.4. Vickers da abokan aikinsa (2012), da suka haɗa bayanan mutum 17,922, sun ga cewa allurar gaske ta ɗara ta kwaikwayo, amma da tazara kaɗan. Fassarar da ta fi dacewa ita ce taɓa jiki da kulawar mai jinya na rage raɗaɗi, daidaiton ɗigo kuwa rabonsa a cikin sauƙin ƙarami ne. Shigar da babin likitancin gargajiya cikin kundin cututtuka na duniya, ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019, an yi shi ne don ƙididdiga, ba shaidar inganci ba ce.

Wannan hukunci ya hau kan ƙaho ma. Ba a ce kowane gurbin wanzami ingantacce ne don an gaje shi ba, gwaji ne zai raba. Sai dai ba a gwada abin da ba a rubuta ba.

8.0 Aikin da ke Gaba

Abu na farko shi ne taskacewa. A zauna da dattawan wanzamai na Toranke da Balare da Chula da Gurduba da cikin garin Gaya, ta hannun sarakunan aska, a rubuta kowane gurbi da sunan da suke kiransa, da ciwon da ake kafa masa, da lokacin da ake guje masa, da irin mutumin da ba a yi wa. A yi wannan kafin a nuna musu wata taswira, domin da zarar an nuna wa mai ba da bayani zane mai lambobi, amsarsa za ta karkata ga zanen. Sassan nazarin Hausa da kwalejojin likitanci na jami'o'in Kano na da ma'aikatan da za su iya haɗa hannu a kan haka.

Abu na biyu ya fi gaggawa, shi ne jini. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ƙwayar da ke iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini. Aska ɗaya da ƙaho ɗaya da ke yawo daga baya zuwa baya hanya ce buɗaɗɗiya gare ta, ɗauraya da ruwa kuwa ba ta kashe ta. Sabuwar reza ga kowane mutum, da safar hannu, da famfon zuƙa a maimakon baki, su ne sauyin da ya kamata hukumomin lafiya su sa a gaba. Haka nan mai ciki da mai sikila da mai ƙarancin jini da mai ciwon sukari da mai shan maganin tsinka jini ba mutanen tsaga ba ne, kuma ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, ko da mutuwar ƙafa, na asibiti ne, don yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya.

Wanzamin da kansa shi ya fi kowa shiga haɗari, tunda bakinsa ne a kan ƙahon. Nijeriya ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin allurar jarirai ta yau da kullum a 2004, don haka wanzaman da aka haifa kafin wannan shekara ba su shiga tsarin ba. Rigakafin babba allura uku ce a cikin wata shida, bayan an gwada jininsa, kuma sashen lafiya matakin farko na Ajingi da na Gaya na iya tsara ta ta hannun sarakunan askan da za a nema don aikin taskacewa.